Shekarar da Na Kulle Gwangwanin Gam

Da sunan Allah na buɗe baki, Shi ne kuma shaidata a kan abin da zan faɗa. Ni ban taɓa zama a aji ba, alƙalami ma in an ba ni riƙon basilla nake yi masa, don haka Hajara ce ke rubutawa, 'yata ta uku, na kuma gargaɗe ta kada ta yi wa maganata kwalliya. Da gangan na zaɓe ta. A cikinku ku biyar, ita ta fi kowa riƙe ni a zuci kan shekarar da na raba babanku da rumfarsa, ita kaɗai ce kuma ta iya faɗa mini ido da ido. Sauranku shirun ladabi kuka yi, amma ina da kunne. Na san a bayan idona kuna cewa Inna ce ta karya Baba. To ku gyara zama. Nauyin nan ni na ɗora wa kaina, ni kuma zan sauke shi tun ina da numfashi.

Ni 'yar gyartai ce. A Inkil aka haife ni, tun tana ƙauye sosai, gonaki daga bakin ƙofa har gindin duwatsu. In na rufe ido yanzu, abin da ke fara zuwa mini shi ne ƙorai a kife a ƙarƙashin tsamiya, rana tana ratsa ganye tana yawo a bayansu kamar ruwa, matan Fulani masu tallar nono suna zaune a gefe suna jiran mahaifina ya ɗinke musu tsaga. Yana da wani ɗinki nasa shi kaɗai: daga huda ɗaya sai ya fitar da zare uku, su baje kamar sawun kaza a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ko a kasuwar wani gari ya ga ƙwarya mai wannan sawun, ya san ta bi ta hannunsa. Ban kai shekara goma ba na iya shi. Mahaifina yakan ce abin da ba a huda an ɗinka ba, lallashinsa kawai aka yi, ba gyara ba. Da wannan maganar a kaina aka kai ni gidan mai gam.

Babanku gyaran takalma yake yi a wata 'yar rumfa kusa da barikin Shadawanka. Kullum daga nan Fadaman Mada yake taka kekensa ya tafi, buhu ɗaure a baya. Manyan takalman sojoji su ne rabin aikinsa, ragowar kuma na matansu da 'ya'yansu. Ana yi masa kirari da cewa gyaran Malam ba ya buɗe baki, sai dai takalmin ya mutu da gyaransa a jiki. Wannan sunan shi ne gonarsa, shi ne rigarsa ta Juma'a. Ba shi da wani abu bayansa.

Ran Juma'a ba ya fita rumfa, a zaure yake ƙarasa abin da ya rage, ni kuma ina leƙensa ta ƙofar tsakar gida ina tankaɗe. Shekara talatin ina wannan leƙen. Zai kankare tsohon gam da sanfefa har fatar ta yi kaushi, ya goge da ɗan fetur a tsumma, ya shafa gam siriri a fuska biyu, saman da ƙasan, sannan ya ajiye su nesa da juna ya naɗe hannu. Nan ne nake jin haushinsa. Mutum ga aiki a gabansa, yana zaune yana kallon ƙofa kamar mai jiran baƙo. Can sai ya miƙa bayan yatsa ya taɓa. In bai yi masa ba ya sake naɗe hannu. In ya yi, sai ya haɗa su sau ɗaya tak, ya bi da guduma daga tsakiya zuwa gefe, ya naɗe da robar tayar keke, ya shigo da su ya danne a ƙarƙashin tsohon dutsen niƙana, su yi yini guda cur ba mai taɓa su. Warin gam ɗin nan yakan cika gidan, ya sa kai ya yi sakayau, sautin gudumar ya zo kamar daga wata unguwa. Har yau in na wuce rumfar mai gyaran takalma, sai in ji kamar Juma'a ce.

Nakan ce masa, "Malam, da ka huda ka ɗinka da tuni ka gama ka sha fura."

Shi kuma ya ce, "'Yar gyartai, ke komai sai kin ji masa ciwo kafin ki gyara shi."

A shekarar da nake ba ku labari, damina ta zo da wuri, ta kuma zauna. Duwatsun garin nan suka yi kore har saman kansu, gajimare yana saukowa ya kwanta a kansu da hantsi kamar bai da wurin zuwa. A cikin wannan damina na fara ganin abubuwa. Na ajiye masa kofin shayi a gefen damansa, ya zauna yana tambayar ina shayi. Ya taka wutsiyar kyanwa sau biyu a mako ɗaya, shi da ko tururuwa yake kauce wa. Sannan ya jingine keken da ya hau shekara ashirin, ya koma hawan acaɓa, ya ce gwiwa ce. Na duba idonsa da kyau yana cin abinci. Garau suke, baƙi da fari, kamar na kowa. Ni ba na tambayar abin da zan iya ganowa da kaina.

Wata safiya bayan ya fita, yara sun tafi makaranta, na ɗaga dutsen niƙa na kwance robar wani takalmin soja. Tsakiyarsa ya kama kamar an haife shi haka. Amma gefen, wajen ɗan yatsa, na sa farce sai ya shige. Na duba na biyu, haka. Na uku har da yashi a cikin gam ɗin. Gefe-gefen duniya ne ya fara ɓace masa, gefe kuwa shi ne ran takalmi, don ta nan ruwa ke shiga. Na zauna a ƙasa da takalmin a cinyata, ruwa yana ɗiga daga indararo. Na hango soja a tsakiyar fareti ƙasan takalminsa yana faɗuwa, na hango ana nuna rumfar Malam da baki. Na ce a raina, ba a gidana ba.

Akwai ragowar gam a zaure. Na ɗauko, na buɗe gefen da bai kama ba, na shafa, na haɗa nan take na danne, don ina tsoron kada wani ya yi sallama. Sai zuciyata ta ƙi kwanciya, jinin gyartai ya motsa. Na ɗauko basilla da zaren Malam, na bi gefen da ɗinki. Ban yi tunanin wane ɗinki ba ne. Hannu ne ya yi abin da ya sani. Na mayar da roba yadda ya naɗa, na mayar da dutse. Da yamma ya kwashe su cikin buhu bai lura ba, don ba ya kwance robar sai a rumfa, in mai takalmi ya zo, ya miƙa masa.

Haka na yi ta yi kusan wata biyu. Kuna makaranta, ni ina tsakar gida da takalman mazan da ban taɓa gani ba, ina sanin su ta tafiyarsu: wannan yana cin dunduniyar hagu, wancan yana jan ƙafa, wani kuma da gani saurayi ne, don har ƙasan takalminsa yake gogewa. Warin gam ya riƙa ɗaukata yana kai ni Inkil. Sai in ga kamar ƙorai ne a gabana, in ji kamar tarin mahaifina a bayana. In na gama in wanke hannu da toka da lemun tsami. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin kwanakin nan. Na ɗauka na fi kowa wayo.

Ranar wata Juma'a da hantsi, Malam yana zaure, sai ga sallamar wani soja, Saje ake ce masa, tsohon mai kawo masa aiki ne, mutumin kudancin jihar nan, mai fara'a da babbar murya. Ya kawo takalman matarsa, ya kuma sa nasa da aka gyara a ƙafa. Ina bayan ƙofa da rariya a hannu.

"Baba, wannan sabon aiki naka ta yi kyau fa! Duk bariki ana tambayana wa ya yi. Na ce Baba ya tsufa amma ya kawo sabon salo."

"Wane sabon aiki, Saje?"

"Haba Baba, kana mini wasa. Wannan ɗinki mana, kamar ƙafan kaza."

Malam ya ce ya cire ya ba shi ya gani. Ta tsagar ƙofa na ga bai kai takalmin kusa da ido ba ma. Babban yatsansa ya ɗora a gefen, ya bi a hankali, huda ɗaya zare uku, huda ɗaya zare uku, har ya zagayo. Sannan ya yi 'yar dariya ya ce:

"Saje, bar mini shi zuwa jibi, akwai sauran aiki a jikinsa. Ga silifas ɗina ka taka zuwa gida."

Da aka sauko daga masallaci, ya tura ku gidan gwaggonku gaba ɗaya, ya ce ku kai mata gaisuwa. Hajara, kin tuna, har kika ce ai shekaranjiya kuka je. Ya shigo tsakar gida da takalmin Saje da reza, ya zauna a kan turmi, ya ce in matso. Ban taɓa jin tsoron mutum ba a rayuwata sai ranar.

"Na san mai wannan sawun," in ji shi. "Na je neman aure gidansu."

Na ce, "Gefen ne bai kama ba, Malam."

"Na sani. Tun yaushe?"

"Tun farkon shuka."

Bai ɗaga murya ba. Ya sa reza ya yanke ɗinkina ɗaya bayan ɗaya, ya zare zaren, sannan ya kama ƙasan takalmin da yatsa biyu ya ja. Ya saluɓe kamar ɓawon ayaba. Gam ɗin da na shafa yana nan a ciki, ya dunƙule, bai kama komai ba.

"Da ɗanyensa kika haɗa," ya ce. "Kin rufe shi bai sha iska ba, ga damina. Zarenki kaɗai ke riƙe da sojojin nan, ranar da ya cinye a kan kwalta shi ke nan. Ni na bar gefe, ke kin bar tsakiya. Mu biyu mun taru mun yi rabin mai gyara."

A nan ya gaya mini ya je asibiti shi kaɗai tun kafin azumi. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, maganin ɗigawa sai dai ya rage masa gudu. Ya ce yanzu duniya yake gani kamar ta bakin tulu, kullum kuma bakin yana ƙara tsukewa. Kwalbar maganin a rumfa yake ɓoye ta, cikin wani tsohon takalmi.

"Rumfar ta ƙare, 'yar gyartai. Ba zan ci amanar ƙafar mutane ba. Amma me zan ce musu? In ce Malam ya makance, aikinsa na wata biyu matarsa ce ta bi bayansa tana toshewa? Gobe duk wanda takalminsa ya buɗe, ko na shekara biyar ne, zai ce dama makaho ne ya yi. Shekara talatin za su tafi a yini ɗaya."

Na dube shi a kan turmin nan, takalmi a buɗe a hannunsa. Ban yi dogon tunani ba, kada wani ya ce muku shi ya roƙe ni.

Na ce, "Ka ce ni na hana ka. Ka ce na ce warin gam yana cin ƙirjinka, na tayar da bori, ka rasa yadda za ka yi da ni."

"Za a zage ki."

"Dama can yabona ake yi?"

"Yaran fa?"

"Yara su ne bakin gida. Abin da suka gani shi gari zai ji."

Ya daɗe yana juya takalmin. Sannan ya ce akwai sharaɗi: duk takalmin da na taɓa sai ya dawo an sake shi. Ya bi su ɗaya ɗaya a bariki, yana cewa ya gano gam ɗin da ya yi aiki da shi a daminar nan ba mai kyau ba ne, ba ya son sunansa a kai. Suka yi ta yaba gaskiyarsa. Ya riƙa kawo su gida cikin buhu.

Kwana goma sha biyu muka yi, daga fitarku makaranta zuwa azahar, ƙofa a sakaye. A duk zaman aurenmu ban san wasu kwanaki kamarsu ba. Ni ce ido, shi ne hannu. In kankare, ya shafa da yatsa ya ce saura nan. In shafa gam har bakin gefe, siriri, ya ce kada in yi masa kaurin man shanu a tuwo. Sannan mu ajiye saman a nan, ƙasan a can, mu zauna. Zaman nan da na yi shekara talatin ina jin haushinsa, sai ga ni a cikinsa. Ruwa yana sauka a kan kwano, kaji sun fake a ƙarƙashin rumbu, warin gam yana tashi a hankali, mu biyu a kan tabarma ɗaya ba mai cewa komai. Wani lokaci ya ba ni labarin wani gari da ya taɓa zuwa yana saurayi, inda ya ce kogi ya fi garin nan faɗi. Wani lokaci ya ce in gaya masa launin gajimaren da ke kan dutse, in ce fari, ya ce wane irin fari. Ni da ban iya zaman banza ba, na koyi neman sunan fari iri-iri. In na miƙa hannu zan haɗa, sai ya riƙe mini wuyan hannu.

"Tukuna. Taɓa da bayan yatsa. Ya biyo ki?"

"Ya biyo ni."

"To bai shirya ba. Sai ya yi kamar ya bushe, kamar ya manta da ke, sannan yake kamu."

In lokaci ya yi, ni nake daidaita baki da baki, don haɗuwar sau ɗaya ce, ba a ɗagawa a sake. Shi kuma ya ɗauki guduma. Bai taɓa kuskure bugu ba, ko ɗaya.

Ranar ƙarshe buhu ya ƙare, gam ya rage kaɗan a gindin gwangwani. Sai ya ce ya ji takalmin makarantar Hajara yana tafi in tana tafiya, in ɗauko shi, yau ta tafi da silifas. Shi muka yi na ƙarshe.

Abin da ya biyo baya kun gani da idonku, shi kaɗai kuma kuka gani. Washegari da safe, kuna shan koko, na tsaya a tsakar gida na ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji. Na ce na gaji da tarinsa, na ce ba zan yi takaba saboda takalman sojoji ba, na ɗauke gwangwanin gam da guduma da basilla na jefa a akwatina na datse kwaɗo, na ɗaura makullin a bakin zane. Babanku ya sunkuyar da kai, ya yi ta cewa a yi haƙuri. Yayanku, wanda ba na faɗin sunansa, ya riga ya fara aiki a lokacin, ya zo da yamma ya durƙusa yana ba ni baki, na ce ya tashi ya ba ni wuri. Hajara ta yi kuka har ta ƙi cin abinci. Matan unguwa suka sa ni a bakinsu shekara guda, a gidan suna in na shigo sai hira ta mutu. Na kafa kaskon ƙosai a ƙofar gida, yayanku yana taimakawa, muka ci muka sha. Da idon babanku ya ƙarasa rufewa bayan shekara biyu, aka ce zaman gida da baƙin ciki ne suka kashe masa shi. Wannan ma na haɗa na haɗiye. A bariki kuwa, har ya bar duniya, in takalmi ya buɗe baki sai a ce, ina ma Malam yana nan.

Sau ɗaya babanku ya ce zai gaya muku gaskiya. Na ce in ya faɗa, wahalata ta tashi a banza. Bai sake ba.

Abin da ban lissafa ba shi ne ku. Na ɗauka za ku girma ku manta. Ashe yaro ba ya manta ranar da ya ga ubansa ya sunkuyar da kai. Kuka girma kuna yi mini biyayya kamar yadda ake yi wa hukuma, kuna kai masa hira da dariya, ni kuna kawo mini gaisuwa. Ranar sadakar ukunsa, Hajara ta shigo ɗakina da wannan takalmin makarantar, ta adana shi duk shekarun nan, ta ajiye a gabana.

"Inna, duba. Na gama makaranta da shi, ƙanwata ta sa, har yau bai buɗe ba. Hannun da ya yi wannan kika ce ya zauna."

Na ce ta ɗauke mini takalmi daga kan darduma. Abin da na ce ke nan.

Rubuta, Hajara, kada ki tsaya, hawaye ba ya hana hannu tafiya. Takalmin nan ni na kankare shi, ni na shafa masa gam har gefe, ni na daidaita bakinsa. Babanki ya riƙe mini hannu har lokaci ya yi, sannan ya buga. Shi ya sa bai buɗe ba.

Kuna iya tambaya me ya sa sai yanzu. Shekaranjiya na tsince shinkafa a tire, na ajiye, na shiga alwala. Da na fito sai na ji ƙarar tsakuwa tana faɗawa a kwano, ɗaya, biyu, har bakwai, a hankali, irin ta wanda ba ya son a ji. Na tsaya a bakin ƙofa, na ga ke ce a kan tiren, Hajara, na gane bakin tulun ya fara tsukewa a kaina ni ma, na kuma gane 'yar wa na haifa. A lokacin na san abin da babanku ya ji da yatsansa ya hau sawun kaza. Ba kuskuren ne ke da ciwo ba, a gyara maka a ɓoye ne.

Don haka ajiye alƙalamin haka nan, ya isa na yau. Makullin akwatin yana nan a bakin zanena, in kin so ki buɗe, gwangwanin yana ciki, ya bushe ƙamas. Amma kafin nan ɗauko tiren shinkafar ki zo nan kan tabarma, kusa da ni, inda zan ji ki. Ki nuna, in cire.